Madarar Saniyar Ɗan Tsohuwa

Ina tsakiyar koya wa 'yan aji huɗu lissafi wayar Yaya ta shigo. Ba ya kira da safe. Mutum ne mai lokaci, ko gaisuwar Juma'a sai bayan la'asar. Na fita baranda da sauri, don duk mai ɗan'uwa a sojan sama ya san ba a son waya a lokacin da ba a saba ba.

"Auta," in ji shi, "nan da mako uku za a yi mana faretin ban-kwana a Kaduna. Shekara talatin da biyar ta cika, zan ajiye kaki. An ba iyalin kowa kujeru a sahun gaba. Ina so ki kawo min Inna."

Na ce, "Inna kuma, Yaya?"

"Inna. Ban taɓa roƙonki komai ba."

Gaskiya ya faɗa. Yaya ba ya roƙo, umarni yake bayarwa, ko ruwa zai ce ki miƙo masa sai kin ji kamar ki ƙame. Ranar kuwa muryarsa ta yi laushi har na ji tsoro. Na koma aji na tarar na manta inda na tsaya, na sa yaran su yi ta karanta jadawalin sau bakwai har aka kaɗa ƙararrawa.

Yaya ɗan fari ne. Mu asalinmu masu shanu ne, ko da yake kakanninmu sun daɗe da zama a Unguwar Tudu ta ƙasar Gwarzo, sun kama fartanya, Fulatancin ma ya gudu ya bar mu da kunyar kaɗai. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta yi masa magana baki da baki, ba ta haɗa ido da shi. Ana yaye Yaya kakarmu ta wajen uba ta ɗauke shi, shi ya sa har yau Inna ba ta da wani suna da take kiransa sai "ɗan tsohuwa". Matan zamaninta da yawa sun sassauta da girma ya zo, wasu har hira suke yi da 'ya'yansu na fari a waya. Inna ta riƙe abin kamar farilla. In Yaya ya zo gida ya durƙusa a bakin ƙofarta ya gaishe ta, bango take kallo, ta amsa wa wanda yake kusa: "A ce masa lafiya lau."

Wanda yake kusa kuwa ni ce, kullum. Ni ce auta, sunana a bakin Inna kamar goro, ta kira ni don aike, ta kira ni don zagi, ta kira ni ba don komai ba. Tun ina aji biyar, da Yaya ya tafi makarantar horar da hafsoshi, na zama bakinta. Mahaifinmu, Baffa, zai zaunar da ni a zaure ya faɗi abin da zan rubuta a wasiƙa: ana gaisuwa, an yi ruwa, a riƙe salla. In an kusa rufewa sai ya ɗaga murya ya ce ko akwai mai saƙo a cikin gida. Sai a ji Inna daga tsakar gida, tana tankaɗe ko tana tsince wake, ta ce, "A ce wa ɗan tsohuwa saniyarsa ta haihu. Mace."

Ni kuwa a lokacin na fara jin kaina 'yar boko. Na ce a raina, mutumin da ake koya wa tuƙin jirgin yaƙi, yana kwana ɗaki ɗaya da 'ya'yan manya, ya buɗe wasiƙa a gabansu a ga labarin saniya? Ai sai su mai da shi abin dariya. Sai in rubuta: "Inna tana gaishe ka da babbar murya. Ta ce tana alfahari da kai, ka dage ka fitar da mu kunya." In karanta wa Baffa nasa sashen, in tsallake nawa, in liƙe ambulan da yawu. Da aka daina wasiƙa aka koma waya ban canza ba. Na yi aure a Garo, na zama malamar makaranta, na haifi biyar, ina nan ina gyara wa Inna magana.

Saniyar da take nufi ta ranar suna ce. A danginmu in an raɗa wa yaro suna uba yakan ware masa karsana, ita da duk abin da ta haifa nasa ne. Ta Yaya fara ce mai baƙin kunne. Ta daɗe da mutuwa, amma 'yarta ta haihu, jikarta ta haihu, baƙin kunnen yana bin su ɗaya bayan ɗaya. Da Baffa ya rasu aka raba garke, wasu aka sayar, wasu suka bi 'yan'uwa kudu, Inna ta tsaya a bakin turke ta ce waɗannan ba na rabo ba ne. Uku suka rage a bayan ɗakinta, kuma ita take yi musu komai da hannunta, daga dusa har cire kaska.

Na tuna ranar da wasiƙa ta zo cewa Yaya ya tashi da jirgi shi kaɗai karo na farko, ba malami a bayansa. Ni na karanta. Baffa ya sa na maimaita sau uku, ya fita ƙofar gida yana gaya wa duk wanda ya wuce. Inna kuwa ta ci gaba da aikinta. Washegari ta tatsi mai baƙin kunne, ta ɗauki ƙwaryar da kanta ta kai wa wata tsohuwa makauniya da ke maƙwabtaka da mu. Tun daga ranar madarar shanun Yaya ba ta ƙara shiga bakin kowa a gidanmu ba, ba a sayar da ita, ba a kaɗa ta a cire mai. Kullum da safe Inna za ta tatsa ta kai wa mai jego, ko maras lafiya, ko tsohon da ba shi da kowa. In duk shanun sun ƙafe sai ta auni gero ta bayar. Ba ta taɓa ce wa kowa ga dalili ba, kowa kuma ya sani.

Mutane suna zaton in jirgi ya wuce ta saman garinmu Inna takan fito ta ɗaga kai. Ban taɓa ganin ta ɗaga ba. Sai dai ta sunkuya ta ci gaba da abin da take yi da sauri.

Haka aikin Yaya ya tafi. Ya yi Kano, ya yi Makurɗi, aka tura shi kwantar da tarzoma a wata ƙasa da ban iya faɗin sunanta ba a lokacin, ya je kwas ƙasashen waje ya dawo da sanƙo. Ya yi shekaru a Maiduguri lokacin da abin ya yi zafi, muna jin labarai a rediyo muna kashewa. Ana ƙara masa girma, matarsa tana liƙa masa anini a kafaɗa, ana turo mana hoto. Da ya kai tauraro biyu aka ba shi ofis a Abuja, na zo da murnata na ce wa Inna yanzu hankali ya kwanta, takarda yake sa wa hannu, ba kasafai yake hawa ba. Ta ce, "Ya daina ne?" Na ce a'a, lokaci-lokaci yakan hau. Ta ce, "To," ta ɗauki ƙwaryarta.

Ban taɓa gaya wa Yaya zancen madarar ba. Na ga kamar tonon asirin Inna ne, kuma na ga kamar ƙaramin abu ne a kai wa babban mutum.

Ranar da ya kira, ana tashi daga makaranta na tsaya bakin titi na hau motar Gwarzo, daga can na hau acaɓa. Na sami Inna tana ɗaure harawa. Muka gaisa, ta tambayi maigidana da yara ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi akuyar da na ce ba ta da lafiya wata biyu da suka wuce. Sannan na ce, "Inna, ɗan tsohuwa zai ajiye aiki."

"Alhamdu lillahi."

"Za a yi taro a Kaduna. Ana son ki je."

"Ni? In je in yi me?"

Nan na fara zuba. Ni dama in na so abu ba na iya yin shiru. Na ce za a zo da mota mai sanyi har ƙofar gida, za a zaunar da ita sahun gaba kusa da matan manya, za a busa badujala, sojoji za su wuce suna sara masa. Na ga ba ta motsa ba, sai na ƙara gishiri. Na ce a ƙarshe ma za a ɗauke su a jirgi a zaga da su sama, hawan ban-kwana, kowa yana kallo.

Hannunta ya tsaya. "Ranar ma zai hau?"

"Ƙwarai kuwa. Ai shi ne armashin bikin."

Ta ce, "To wa zai tatsi saniyar?"

Raina ya ɓaci. Na ce gari cike da mata masu hannu, ga matar kawu nan bango ɗaya ya raba ku. Ta ce hannunta shanun suka sani. Na ɗauka hanya ce kawai ta cewa ba za ta ba, irin ta mutanenmu da ba sa iya cewa a'a kai tsaye. Na tashi ko furar da ta dama min ban sha ba.

A hanya Yaya ya sake kira. Iskar acaɓa tana kaɗa min mayafi, ɗan acaɓan yana jin duk abin da nake faɗa.

"Me ta ce?"

Bakina ya riga ya saba. Na ce, "Ta ce za ta zo."

Sai na ji ya yi dariya, wata irin dariya da ban taɓa ji a bakinsa ba, kamar ta yaron da aka saya wa takalmin salla. Ya shiga tambayata ko ƙafarta za ta iya hawa matakala, ko tana cin shinkafa ko a yi mata tuwo, wane launin kaya take so. Mutumin da jirage suke tashi da izininsa yana tambayata ko uwarsa tana cin shinkafa. Na amsa duka, na kashe wayar.

Makonni ukun nan ban ga ta zama ba. Sau tara na yi hanyar Gwarzo, har masu lodi a Garo suka daina tambayata ina za ni. Maigidana ya ce ko ƙafar kare na ci. In ina aji hankalina yana Unguwar Tudu, in ina Unguwar Tudu ina tunanin me zan ce in waya ta yi ƙara. Na ƙona miya sau biyu. Na yi wa wata 'yar aji huɗu tsawa a kan laifin da ba nata ba, na kira ta daga baya na ba ta haƙuri. Kullum sai in ce gobe zan gaya masa gaskiya, gobe ta yi in ce bari in sake gwada Inna tukuna, wataƙila yau ta sauko.

Leshi ya iso daga Abuja, ruwan toka, da mayafi da takalmi. Inna ta shafa shi da bayan hannu ta ce a sa a akwati kada ɓera ya ci. Na kawo mata matar kawu ta yi rantsuwa za ta kula da shanun kamar 'ya'yanta. Inna ta yi mata godiya, ta ba ta daddawa, ta raka ta ƙofa, ta dawo ba ta canza ba.

Ana saura kwana huɗu na yi abin da ban taɓa yi ba. Na ɗaga wa Inna murya.

"Inna, wannan kunyar ta kai ki ina? Mutum ya yi furfura, yana da jika! Duniya tana sara masa, ke kina kallon bango. Sau ɗaya ya roƙi abu a wurinki, sau ɗaya tak!"

Ta dube ni, ba fushi a fuskarta. Ta ce, "Ke auta ce, ba ki san abin da ake ji ba. Kwana uku na yi a ɗakin can ina naƙudarsa, ko uhum ba a ji na yi ba. Ranar da tsohuwa ta goya shi ta fita da shi ina daka, ban ajiye taɓarya ba. Yanzu kike so in je gaban maza in yi abin da ban yi ba a lokacin?"

Na koma Garo ina kuka a motar haya, wata mata kusa da ni tana ta yi min ta'aziyya ba ta san wa ya mutu ba. Duk da haka ban kira Yaya ba. Tsoro na ji, ba wani abu ba.

Jajiberin taron motar ta iso bayan azahar, da direba soja mai ladabi da ya durƙusa har ƙasa. Na shiga na sami Inna zaune a kan turmi kusa da turke, cikin zanenta na kullum. Ban ƙara roƙo ba, na gaji. Na ce, "Za mu tafi. Akwai saƙo?"

Ta ce, "A ce wa ɗan tsohuwa ƙaramar saniyarsa ta ɗauki ciki."

Saura kaɗan in kurma ihu. Na juya na fita, na zauna ni kaɗai a bayan motar da aka shimfiɗa wa matashin kai saboda tsohuwa. Direban ya dube ni ta madubi, bai tambaya ba.

Yaya yana wurin shirye-shirye, ban gan shi ba sai da safe a filin fareti. Matarsa na gaya wa cewa ƙafar Inna ce ta tashi, ta ce wayyo, ta ce kada a faɗa masa sai an gama. Aka zaunar da mu. Kujerar da ke damana an liƙa mata takarda an rubuta "Mahaifiya". Na ɗora jakata a kai, na ga abin ya fi muni, na sauke.

Masu ajiye aikin suka fito su shida cikin kaki mai ruwan bula, ƙirji cike da lambobi. Yaya yana tafe kansa a miƙe kamar yadda aka koya musu. Da ya zo daidai da mu idonsa ya sauka a kan kujerar, ya dawo kaina, ya koma gabansa. Ko ƙiftawa bai yi ba. Wanda bai san shi ba zai ce bai ga komai ba. Aka karanta tarihin aikinsa tun daga ranar da ya shiga, inda ya yi da inda ya jagoranta, ana tafi. Ni ban ji rabinsa ba.

A ƙarshe aka kai su wurin jirgi mai saukar ungulu, suka hau, ƙararsa ta cika filin, huluna suna tashi. Ina kallonsa yana yin sama, sai na ji muryar Inna a kunnena tana cewa, "Ranar ma zai hau?" Na ga ta a raina da ƙwarya a hannu tana ratsa lungu zuwa gidan wata mai jego, kamar kowace safiya tun ina yarinya. Shekaru nawa ba ta bari rana ta fito yana iya hawa ba tare da ta fitar da sadakar da hannunta ba, sai ranar hawan ƙarshe ce za ta bar wa matar kawu? Kunyar tana nan, ban ce babu ba. Amma da akwai 'yar ƙofa a buɗe, ni na rufe ta da surutuna. Jirgin ya zaga sau biyu ya sauka lafiya, mutane suka miƙe suna tafi, ni ina zaune.

Sai bayan an ci abinci, an yi hotuna, baƙi sun ragu, ya same ni a ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya bayan zauren taron. Ya cire hula ya riƙe.

Na ce, "Yaya, ƙafarta ce ta tashi. Ta so zuwa wallahi. Ta ce a gaya maka tana alfahari..."

"Auta, ya isa."

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Tun wasiƙar farko na sani. Inna ba ta magana haka. Wannan Hausar 'yan makaranta ce, taki ce. Na ƙyale ki ne don na ɗauka ba ta cewa komai, kina rufa mata asiri, kina tausaya min. Wannan karon ne kawai na yarda da ke, don ina so in yarda."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ashe duk shekarun nan abin da na ɗauka ina ba shi, shi yana karanta shi a matsayin shaidar cewa uwarsa ba ta da ko kalma ɗaya dominsa.

Na ce, "Tana cewa, Yaya. Ba ta taɓa fashi ba. Ni ce ba na kawowa."

"Me take cewa?"

"Jiya ta ce a gaya maka ƙaramar saniyarka ta ɗauki ciki."

Ya dube ni. "Saniyata? Ba su tafi da garke ba da Baffa ya rasu?"

In ya je gida ba ya wuce minti talatin, daga zaure sai ƙofar Inna sai mota. Yana ganin shanu a bayan ɗaki, bai taɓa sanin nasa ba ne. Na gaya masa zancen baƙin kunne, na gaya masa zancen madara, tun daga makauniyar nan har safiyar ranar. Ya zauna a kan wani dutse da kakinsa na fareti, abin da na tabbata bai taɓa yi ba.

"Da nake Makurɗi me ta ce?"

Na ce ta ce saniyarka ta haifi namiji, an sayar an sayo mace.

"Da nake Maiduguri fa?"

Na ce akwai shekarar da ta ce babbar ta ƙi cin dusa kwana biyu amma ta warware, a gaya maka kada ka damu.

"Da aka yi min tauraro na farko?"

Na san ta faɗi wani abu, ina ganinta tsaye a bakin madafa tana faɗa, amma maganar ta tafi. Ya tambayi shekarar aurensa, ya tambayi haihuwar ɗansa na fari, ya tambayi lokacin da ya yi wata takwas a ƙasar waje. Uku ko huɗu kawai na iya tunawa. Sauran na zubar da su a hanya tun ranar da aka ba ni, don na ga ba su kai a kai wa babban mutum ba. Wannan har yau yana cina, kuma ba na jin zai daina.

Bai zage ni ba. Da ma ya zage ni. Ya miƙe ya kakkaɓe wandonsa ya ce, "Ranar Asabar ta sama ki kwana a gidan Inna."

Ya iso da sanyin safiyar Lahadi, shi yake tuƙa kansa, cikin farar shadda da ba guga sosai. Ba soja ko ɗaya. Bai tsaya a zaure ba, ya zagayo bayan ɗaki inda muke. Inna tana tsugune ta ɗaure ƙafafun saniyar, ta bar maraƙin ya ɗan tsotsa don nono ya sauko, na janye shi ina riƙe da igiyarsa, aikina ne duk ranar da na kwana. Yaya ya durƙusa a kan kashin shanu da shaddarsa ya gaishe ta. Ta juya kai wajen danga.

"A ce masa lafiya lau. A ce masa ya matsa, yana tare min haske."

Ban shirya abin da na yi ba. Na dubi igiyar da ke hannuna, na dubi ƙeyar Inna, na sake ta. Na wuce bayan rumbu na tsaya inda ba za su gan ni ba.

Maraƙin ya yi tsalle ɗaya ya kafa baki a hantsa, ya ture ƙwaryar. Inna ta kira sunana. Na yi shiru. Ta sake kira, da zagi wannan karon. Na toshe bakina da mayafi. Ina jin maraƙin yana tsotsa, yana tunkuɗar uwarsa, in aka ƙara minti biyu ba abin da zai rage.

Sai na ji Inna ta ce, "Kai, kama ɗan saniyarka mana! Ka tsaya kana kallo?"

"To, Inna."

Na leƙa. Ya rungumo wuyan maraƙin yana kokawa da shi, hularsa ta faɗi, bai iya ba sam. Inna tana cewa ba haka ba, ta ƙeya ake kamawa, ya ja shi gaban uwar ta gan shi. Ya ja. Ta gyara ƙwaryar tsakanin gwiwoyinta ta fara tatsa. Madara ta yi ta zuba a cikin ƙwarya har ta yi kumfa.

Da ta gama ban ga ta ɗauki mayafin fita ba. Ta jawo ƙoƙon da ke rataye a danga ta ɗauraye, ta tsiyaya a ciki. Idonta a kan ƙoƙon ta ce, "Ka gama hawa abin nan?"

"Na gama, Inna."

"Ko sun kira ka?"

"Ko sun kira ni."

Ta yi bisimilla ta kai bakinta. Ta sha a hankali, ta sauke, ta goge leɓe da gefen zane.

"Ashe madararsu da garɗi," in ji ta. Ta miƙa masa sauran.